Hunturu, ƙona daji da ɗaukewar wuta: abin da muke gani a bakin aiki

Kamfanina ƙarami ne: ni, yaran aiki kaɗan, tsani da mota guda. Muna ja wa mutane layin lantarki daga babban layi zuwa gonakin kaji, injinan niƙa da sababbin unguwanni a gefen Kaduna, ta wajen Rigachikun, Maraban Jos da hanyar Kujama. Mu kafa falwaya, mu ɗaura waya, mu zaunar da taransfoma. Da damina iska da tsawa ke fitar da mu. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris kuwa, gobarar daji ce ke hana mu zama.

Ciyawar da damina ta raina a ƙarƙashin layi, gamba da tofa, wani wurin ta fi tsayin mutum. Iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas ta busar da ita ƙayau. Sai mafarauci ya cinna wuta don ya koro gafiya, ko makiyayi yana neman sabon tsiro, ko manomi yana sharar gona. Babu wanda ya nufi falwaya da sharri, amma ita ke kwana a ciki. In ta katako ce, wutar takan ci gindinta ta bar ta tsaye kamar lafiya lau, sai bayan makonni iska ta kayar da ita da waya a jiki. Ta siminti ta fi juriya, ko da yake ita ma zafi mai yawa yana tsattsaga ta.

Abin da masu gonaki suka fi yi mini musu a kai shi ne, ba sai harshen wuta ya taɓa waya ba. Iskar da ta yi zafi ta cika da hayaƙi da toka tana iya ɗaukar lantarki. Tartsatsi ya yi tsalle tsakanin waya da waya, na'urar kariya a tasha ta yanke layin nan take. Zafin kuma yana sa wayar alminiyon ta saki ta yi ƙasa. Shi ya sa mai walda a Tudun Wada zai iya rasa wuta saboda gobarar wani daji da bai taɓa takawa ba.

Wani lokacin layin ne da kansa ke tada gobarar. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan tangaran ɗin da ke riƙe waya. Raɓa ko yayyafin farko ya jiƙa ta, sai lantarki ya samu hanya ya fara ƙara yana feshin wuta. Wayoyin da suka yi sako-sako kuma iska na haɗa su. Duk tartsatsin a kan busasshiyar ciyawa yake sauka.

Wannan ne ya faru a jihar Kalifoniya ta Amurka a Nuwamban 2018, inda layin kamfanin lantarki na PG&E ya haddasa gobarar da ta cinye garin Paradise, mutum 85 suka rasu. Kamfanin ya bayyana karyewarsa a farkon 2019, kuma a Oktoban shekarar ya kashe wa dubban ɗaruruwan gidaje wuta da gangan a ranakun da iska ta yi ƙarfi, ƙasa ta bushe. Ni ina ganin hikimar hakan. Gara kwana cikin duhu da kwana cikin toka. Sharaɗina ɗaya: a sanar da wuri, don mai 'yan tsaki a ɗakin ɗumama ya tanadi gawayi ko man janareto, mai rijiyar burtsatse ya cika tankinsa.

Mu a nan wutar da ke shigowa tashar lantarki ta Mando ta manyan layukan TCN, kamfanin da ke dakon lantarki a Najeriya, irin layin da ya taso daga Shiroro, daji take ratsowa. A Oktoban 2024, da aka lalata wannan layi, ba ma gobara ba, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Ƙa'ida ta ce a bar fili mita 50 a ƙarƙashin babban layi mai ƙarfin 330kV (wato volt dubu 330), mita 30 a na 132kV. Ƙananan layukan gonaki da nake ja kuwa, tsaftarsu na wuyan mai su.

Don haka da damina ta ɗauke nake fara zagaye. Yarana su shiga da adda da fartanya, su share kewayen kowace falwaya har ƙasa ta fito fili, a sassabe rassan da suka kusanci waya. Mu nemi a kashe layin, mu ɗaure wayoyin da suka saki, mu goge tangaran. Nan ake jan ciniki. Mai gona ya ce, "Injiniya, wuta na nan lafiya, kuɗin me zan biya?" In ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, kuɗin sharar nan bai kai na falwaya ɗaya ba, balle taransfoma da kajin da za a yi asara."

Inda ciyawa ta fi ƙarfin adda, mukan je wurin mai unguwa a tara matasa, a ƙona ta da wuri tun tana da sauran ɗanye, da yamma bayan iska ta kwanta, mutane na tsaye da ɗanyen ganye suna kashe gefe. Wanda ya bari har Janairu, ba na yarda a cinna masa ashana kusa da layin da na ja.