Darussan da na koya a gwajin wasan yaƙin Zazzau

Tun da labari ya bazu cewa na ajiye aikina na mai gwaji a ofishin da muke haɗa wasan yaƙi na waya, abokai suke ta kirana daga Samaru da Kongo, kowa da abin da ya ji. Wasu an ce musu kora ta aka yi, wasu an ce musu ni na jawo masu kuɗi suka janye hannu daga wasan. Ba a kore ni ba, da hannuna na rubuta takardar barin aiki. Maganar janyewar masu kuɗi kuwa ita ta sa na zauna rubutun nan, saboda ƙannenmu masu karatun kwamfuta da ke ɗokin shiga harkar haɗa wasanni su san abin da ke jiran mai gwaji.

Waɗanda suka san ofishin namu sun san inda burin ya samo asali. A 2021 aka saka Hausawa cikin wasan yaƙi na kwamfuta mai suna Age of Empires III, kuma Sarauniya Amina aka sa a matsayin jagorarsu. Mun ji daɗi, mun kuma ji kishi. Daga ƙasashen waje aka zana ta, mu da muke wucewa ta Ƙofar Doka kullum ba mu yi komai ba. Shi ya sa da aka ce za a haɗa wasan dabarun yaƙi na waya a nan Zariya, wanda mutum zai fara daga Turunku, ya gina gari, ya zagaye shi da ganuwa, ya horar da dakaru da 'yan baka da barade da 'yan lifidi, ban tsaya dogon ciniki kan albashi ba. Aikina shi ne in lalata wasan kafin 'yan wasa su lalata shi, kuma har yau ina ganin na iya aikin.

Tangarɗar ƙofa a cikin wasan ce ta raba ni da ofishin. Sai na yi bayaninta sosai, don wanda bai gane yadda take ba zai ɗauka ƙaramin abu ne.

A irin waɗannan wasannin, ƙasar da kake gani a allo a yanke take zuwa ƙananan gidaje. Idan ka taɓa wani wuri ka ce wa mahayi ya je can, manhaja ce take lissafa masa hanya gida bayan gida, tana kauce wa bango da ruwa da duwatsu. Dabarar da kusan kowa yake amfani da ita sunanta A*, masana uku ne suka fito da ita a Amurka a 1968, kuma ita kanta ba ta da laifi, tana nemo hanya mafi kusa yadda ake so. Sai dai yadda aka ɗora ta a wasanmu, abin da ba ya motsi kaɗai ta sani. Ba ta san cewa wani dokin ma yana neman bi ta wannan gidan a daidai wannan lokacin ba. A fili ba a ganin illar haka, kowa yana da wurin kaucewa. Ita kuwa ganuwa duk hikimarta ita ce ta tilasta wa kowa bi ta ƙofa.

Ƙofar wasanmu gida biyu ne faɗinta. Idan barade suna fita a lokacin da ayarin fatake yake shigowa da jakunansa, sai na gaba ya tsaya yana jiran wanda ya tare shi ya kauce, shi ma wancan ya tsaya yana jiran wannan, kamar motoci biyu da suka yi kiciɓis a lungun cikin birni babu mai ja da baya. Na bayansu su yi ta taruwa. Duk wanda ya ga hanya ta toshe sai ya sake lissafi daga farko, lissafin ya sake nuna masa wannan ƙofar dai, ya sake tsayawa, ya sake lissafi. A babbar kwamfuta abin da za ka gani shi ne dawakai suna ta karkarwa a wuri ɗaya, shi ke nan. A waya mai araha, irin wadda take hannun yawancin mutanenmu, lissafin ya fi ƙarfinta. Sai ta ɗauki zafi, hoto ya daskare, wasa ya rufe kansa.

Na rubuta rahoto yadda ake rubutawa: ga abin da za ka danna, ga abin da ya kamata ya faru, ga abin da yake faruwa, ga irin wayar, ga bidiyo. Na sa masa alamar mafi tsanani. Da oga ya karanta sai ya aiko a kira ni.

"Kai, wa zai tura dawakai masu yawa haka ta ƙofa ɗaya?"

Na ce, "Yallaɓai, duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah. Da mutum ya ga yana da barade, abin da zai fara yi ke nan, ya tara su duka ya ga sun fita tare."

Ya buɗe kwamfutarsa, ya zaɓi 'yan mahaya kaɗan, ya tura su, suka wuce lafiya. Ya juyo da allon wajena. "Ka gani? A wajena yana aiki." A gabana ya rufe rahoton, ya rubuta a ƙasa wai ba matsala ba ce.

Na sake buɗe shi da sabon bidiyo, ya sake rufewa. Da na yi maganar a taron safe sai ya ce aikina shi ne in danna in gani, ba in koya wa masu rubuta manhaja aikinsu ba. A makonnin nan duk ƙarfin ofis an karkata shi kan abin da ido zai gani ranar da za a nuna wa masu kuɗi: ƙyallin kwalkwali da sulke, yadda alkyabba take kaɗawa, muryar kakaki idan an ci yaƙi. Ba na raina wannan aikin, masu zanenmu sun yi abin a yaba musu. Amma yaron da ya rubuta sashen tafiyar runduna ya faɗa mini da bakinsa cewa gyaran ƙofa ba zai ci lokaci mai yawa ba, izini kawai yake jira. Ba a ba shi ba.

Ranar nuni an shirya cewa oga ne zai riƙe wayar, ya bi hanyar da aka riga aka gwada. Sai Alhajin da ake sa ran zai sa kuɗi mafi yawa ya miƙo hannu ya ce a ba shi ya taɓa da kansa. Wa zai hana shi? Dattijo ne mai son dawaki, da ganin 'yan lifidi fuskarsa ta washe. Ya tattara su gaba ɗaya ya nuna musu bayan ganuwa. Ina tsaye a bayan ɗaki, na hangi ayarin fatake a gefen allon yana nufo ƙofa, na san abin da zai biyo baya. Dawakai suka cushe, suka yi ta karkarwa, kakaki ya maƙale a kan murya ɗaya, allo ya yi baƙi.

Alhaji ya ɗago kai ya ce, "To, yaƙin ya ƙare ke nan?"

Oga ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Muna da mai gwaji, aikinsa ne ya gano irin wannan, bai kawo mana ba." Ya nuna ni da hannu.

Ban ce komai ba a wurin, kuma ban yi nadamar shirun ba. Ba a haka aka rene ni ba, in ƙaryata na gaba da ni a gaban baƙi. Washegari na shiga ofishinsa ni kaɗai na buɗe masa rahoton, da kwanan watansa, da rubutun da ya rufe shi da shi. Ya kalla ya ce da na san abin ya kai haka ai da na matsa. A ƙarshen watan aka ba ni takardar gargaɗi, aka kuma yanke mini wani abu daga albashi. Waɗanda suke wurin taron safe, waɗanda suka ji lokacin da aka ce in yi shiru, babu wanda ya buɗe baki. Ban riƙe su a zuciya sosai ba, kowa yana da iyali, aiki kuma ba ya samuwa da sauƙi a garin nan. Amma ba zan ce na manta ba.

Abin da nake so a gane shi ne, samun tangarɗa a wasa ba abin kunya ba ne. Medieval II: Total War ya fito a 2006 daga hannun Creative Assembly, kamfani mai ɗimbin ma'aikata, amma ya fito da kuskuren da ya sa garkuwa take rage wa soja kariya a faɗan gaba da gaba maimakon ta ƙara masa. 'Yan wasa ne suka yi ta haɗa runduna da runduna har suka tabbatar da abin, sai a gyaran 1.2 na 2007 aka magance shi. Stronghold 3 ya fito a 2011 cike da matsaloli, ya sha suka. Age of Empires II tun 1999 ake buga shi, an sabunta shi a 2019, kuma har yanzu masu buga shi suna kuka da yadda sojoji suke neman hanya, masu shi suna ta fitar da gyara. Wasan dabarun yaƙi yana da wuyar haɗawa saboda ɗaruruwan abubuwa ne suke motsi lokaci ɗaya, kowanne yana shafar ɗan'uwansa. Duk wanda ya ce maka nasa ba shi da tangarɗa bai gwada shi ba ne. Abin kunya shi ne a kawo maka labarinta da hujja, ka rufe da hannunka, ranar da ta fito fili ka nemi wanda ya fi ka rauni ka ɗora masa.

Daga nan na koyi cewa rahoto a rubuce bai isa ya kare ka ba idan mutum ɗaya ne yake da ikon buɗewa da rufewa. Kafin ka karɓi aikin gwaji a ko'ina, tambayi wa yake da ikon rufe rahoto mai tsanani, kuma ko dole ne mai gwaji ya amince kafin a rufe. Idan amsar ita ce oga shi kaɗai, to ka san ba mai gwaji suke nema ba, wanda za a nuna da hannu suke nema. Duk rahoton da aka rufe ba a gyara ba, ka tura shi inda kowa a ofis zai gani, da ladabi, ka ajiye kwafinka. Ba don rigima ba, don ranar da za a tambaya.

Sauran abubuwan da na koya ba su yi mini ciwo haka ba, amma suna da amfani. Akwai lokacin da wani ɗan gwaji na sa-kai ya kawo ƙarar cewa yana cikin wadata sai kawai sojojinsa suka fara gudu saboda yunwa. Da muka bincika, ashe ma'ajin da aka ware wa lissafin hatsin rumbu ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Da ka ƙara ɗaya sai ya juye ya koma -32,768, wasa ya ɗauka bashin hatsi ake binka. Wanda ya fi kowa iya noma shi yake fara faɗawa ciki, shi ya sa ba mu gani da wuri ba. Tun daga nan nake gwada wasa a matsayin gwani, ba sabon shiga kaɗai ba.

Ɗauke wuta ma malami ne. Idan wuta ta tafi ko batir ya mutu ana tsakiyar adana wasa, fayil ɗin yakan lalace, mutum ya rasa garin da ya daɗe yana ginawa. Maganin shi ne a rubuta a sabon fayil tukuna, sai an gama lafiya a maye gurbin tsohon da shi. Wannan gyaran ni na kawo shawararsa, kuma tun da aka yi shi ba a sake kawo ƙarar ba.

A wasan mutum biyu ta intanet, umarni kawai wayoyin suke aika wa juna, kowace tana lissafa yaƙin da kanta, dabarar da Age of Empires na farko ya yi amfani da ita tun 1997. Bambancin lissafi komai ƙanƙantarsa tsakanin wayoyin biyu yakan girma har kowa ya ga shi ya ci yaƙi. Don haka kada ka taɓa gwadawa da wayoyi iri ɗaya.

Ka yi gwaji da waya mafi rauni da za ka samu a kasuwar waya ta PZ a Zariya, ba ta oga ba. Ka ba yaron da bai taɓa ganin wasan ba, ka zauna ka yi shiru ka kalli inda yatsansa yake zuwa. Kada ka rubuta "wani lokaci yana faruwa", ka nemo lokacin.

Ga wanda zai gaje ni: rahoton ƙofa na sake buɗe shi ranar da zan tafi, bidiyoyin suna cikin ma'ajin ofis. Gyaran da muka tattauna da mai sashen runduna shi ne a raba ƙofar biyu, gida ɗaya na masu fita, ɗaya na masu shiga, a ba sojoji fifiko a kan fatake, sannan a hana wanda ya maƙale sake lissafin hanya sai bayan ɗan jinkiri. Ya riga ya gwada a kwamfutarsa ta gida, ni kuma na gwada a ƙaramar wayata, barade sun fita gaba ɗaya ba su tsaya ba. Sa hannun oga kawai ya rage.