Minti 200 ba sa ƙaruwa

A watan Oktoba na 2022 ina karatun ƙididdiga a wata jami'a a Amurka. Malamar da ke koyar da mu nazarin alƙaluman wasanni ta ba mu wani aiki da na ɗauka na yini ɗaya ne. Kowa ya zaɓi ƙungiyar ƙwallon kwando ta wata jami'a, ya rubuta mutum biyar da yake ganin su za su riƙa fara wasa a kakar da za a buɗe farkon Nuwamba, sannan ya raba wa kowane ɗan wasa mintunan da zai riƙa samu a wasa guda. Ta ce za ta ajiye takardunmu, sai Afrilu a buɗe a ga wanda hasashensa ya yi kusa da abin da ya faru.

Na zaɓi Jami'ar Connecticut, wadda ake kira UConn. Ba don ana jin tsoronta a lokacin ba, domin ba ta ma cikin ƙungiyoyi 25 da 'yan jarida suka jera a gaba kafin fara kakar, kuma a Maris ɗin da ya wuce New Mexico State ta yi waje da ita tun zagayen farko na gasar ƙasa. Na zaɓe ta ne saboda Adama Sanogo, ɗan Bamako, wanda shi ne ginshiƙinsu a ƙarƙashin kwando. Ina son in ga ɗan yankinmu ya yi fice, kuma wannan son ya shiga lissafina ban sani ba.

Na zauna na bi 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya, kowa ina ba shi abin da nake ganin ya cancanta. Sanogo minti 33. Jordan Hawkins, gwanin jifa mai maki uku, 32. Andre Jackson 31. Ga kuma mutum huɗu da suka sauya sheƙa daga wasu jami'o'i: Tristen Newton daga East Carolina, Nahiem Alleyne daga Virginia Tech, Hassan Diarra daga Texas A&M, da Joey Calcaterra daga San Diego. Na ce a raina ba wanda zai baro makarantarsa ya zo ya ɗumama benci, sai na cika musu hannu. Da na haɗa jimla, sai ga 231.

Wasan maza na jami'a a Amurka minti 40 ne, rabi biyu na minti 20, kuma mutum biyar ne a fili daga kowane ɓangare. Biyar sau 40, minti 200 ke nan. In ba an shiga ƙarin lokaci ba, babu wani minti a wajen wannan. A lokacin ƙungiya tana da gurbin tallafin karatu na mutum 13, wato ko da za a raba daidai wa daida, kowa minti 15 da 'yan daƙiƙu zai samu. Ni kuwa na raba abin da babu shi.

A ƙarshen makon na kira kawuna a gida, mutum ne da ake zuwa wurinsa rabon gado. Muna cikin hira na ba shi labarin aikin. Ya saurare ni, ya ce: “Ɗana, ai wannan shi ne aulu. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji rabi, su kuma sulusi biyu. Asalin mas'ala shida, rabo ya tashi bakwai. Sai a mayar da asalin bakwai, kowa a rage masa gwargwadon rabonsa.” Na ce, “Kawu, ka warware mini.” Na koma kan kwamfuta na rage wa kowa gwargwadon rabonsa, jimla ta dawo 200 cif, na kai wa malama ina jin na gama.

Ta duba, ta ce lissafin daidai ne amma ba haka koci yake yi ba. Wannan magana ita ce abin da ya fi zama mini a cikin darasin baki ɗaya. A gado ana rage wa kowa domin kowa yana da haƙƙin da aka yanka masa. A fili kuwa ba wanda aka yanka wa komai. Idan mintuna suka yi kaɗan, koci ba ya taɓa na mutum na ɗaya da na biyu. Na tara da na goma yake sharewa gaba ɗaya. Shi ya sa jadawalin da ya ba mutum 11 ko 12 mintuna masu kauri yake da kyan gani a takarda amma da wuya a gan shi a watan Maris, lokacin da yawancin ƙungiyoyi suke komawa mutum bakwai ko takwas. Ta ce in koma in yanke hukunci: wa zan hana? Nan aikin ya yi nauyi, domin hana mutum ya fi ba shi wuya, ko da a takarda ne.

Wani a ajin ya kawo misalin Jami'ar Kentucky ta kakar 2014 zuwa 2015, inda kocinta John Calipari ya kasa 'yan wasansa rukuni biyu, biyar su fita biyar su shiga. Gaskiya ne an yi haka, kuma sun ci wasa 38 a jere kafin Wisconsin ta tsayar da su a wasan kusa da na ƙarshe. Karl-Anthony Towns, wanda aka fara zaɓa a NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, a 2015, kusan minti 21 yake samu, Devin Booker kuwa daga benci yake tashi. Amma ko wannan tsarin bai kai ƙarshen kaka yadda aka fara shi ba. Alex Poythress ya ji rauni a gwiwa a Disamba, rukunin ya gurgunce, kuma da wasanni suka yi zafi sai aka koma ga waɗanda aka fi yarda da su.

Da na sake zama, sai na bi abin da kocin UConn, Dan Hurley, ya yi a kakar da ta gabata. A can yana haɗa dogaye biyu a fili, Sanogo da Isaiah Whaley. Whaley ya gama, don haka na nemi wanda zai maye gurbinsa a siffa, na sa Samson Johnson, ɗan Lome ta Togo, a cikin biyar ɗin farko da minti 22. Sabon ɗalibin nan Donovan Clingan, mai tsawon kusan mita 2.18, na ba shi wasu mintuna a gefen Sanogo, ina ganin ba koci da zai samu dogaye irin waɗannan ya ƙi haɗa su. Alex Karaban kuwa, wanda ya shigo makarantar tun Janairu amma bai buga ko wasa ɗaya ba tukuna, na ba shi minti 11.

Hasashena kan Johnson ya yi daidai na dare ɗaya tak. Shi ya fara wasan buɗe kaka, ya ji rauni a ƙafa, ya daɗe yana jinya. Karaban ya shiga gurbin, kuma bai sake fita ba. Ya fara kusan duk wasannin da suka rage, yana samun kusan minti 29. Ɗan hakin da na raina ke nan.

Da farko na jingina abin ga ƙaddara, na ce rauni ba wanda ya isa ya hango shi. Amma da na zauna ina kallon wasannin a tsanake sai na ga akwai abin da ya kamata in gani tun Oktoba. Karaban yana jifa daga nesa. Idan yana fili, dole mai tsaronsa ya bi shi waje, sai ƙarƙashin kwando ya zama na Sanogo shi kaɗai, Hawkins kuma ya sami hanyar zagayawa ya karɓi ƙwallo. Mutum huɗun da aka ɗauko daga wasu jami'o'i duk masu wasan waje ne, ba dogo ko ɗaya a cikinsu. Wato tun a ɗaukar 'yan wasa kocin ya nuna inda ya dosa: ya gaji da cunkoso a gindin kwando, fili yake so ya buɗe. Ni ina karanta abin da ya yi bara, shi kuwa abin da ya kayar da shi bara yake gyarawa. Tun daga nan, kafin in duba alƙaluman kowane ɗan wasa, sai na tambayi kaina yadda ƙungiyar ta faɗi a kakar da ta wuce da irin mutanen da aka nemo bayan faɗuwar.

Batun Sanogo da Clingan ya fi wannan koya mini. Kusan ba a haɗa su a fili ba. Gurbi ɗaya suka raba, minti 40: Sanogo tsakanin 26 da 27, Clingan kusan 13. Na ba Sanogo fiye da haka don ina ƙaunarsa, alhali ragin da aka yi masa shi ne ƙarfin ƙungiyar. Abokan hamayya su sha fama da ƙarfin ƙirjin Sanogo, ya fita ya huta, sai ga wanda ya fi shi tsawo ya shigo da sabon jini yana tare duk abin da aka jefa. A gasar da aka yi a Portland a ƙarshen Nuwamba, Clingan ne aka zaɓa gwarzo, kuma daga benci yake tasowa. Daga lokacin na daina raba mintuna ga sunaye. Gurbi biyar nake zanawa, kowanne da 40 ɗinsa, in cika kowane gurbi shi kaɗai. Idan mutum biyu ba za su iya tsayawa fili tare ba, to 40 ce tsakaninsu komai gwanintarsu.

Akwai kuma keta, wato laifin da alƙalin wasa ke hura wa ɗan wasa usur a kansa. A wasan jami'a keta biyar ke fitar da ɗan wasa, ba shida ba kamar NBA, kuma kociyoyi da yawa suna zaunar da wanda ya yi biyu har sai an dawo daga hutun rabin lokaci. Dogon da yake keta sau ɗaya a kowane minti shida ba zai wuce minti 30 ba ko da koci yana so, kuma sababbin dogaye sun fi kowa faɗawa wannan. Lissafi ne mai sauƙi, amma ban sa shi a takardata ta farko ba.

Abin da lamba ta kasa gaya mini shi ne na Andre Jackson. UConn ta ci wasa 14 na farko a jere, sannan daga ƙarshen Disamba ta sha kashi shida a cikin takwas. Abokan hamayya sun gano cewa Jackson ba ya son jifa daga nesa, sai suka riƙa ja da baya suna barinsa, suna cushe tsakiya. A lokacin na rubuta a littafina cewa mintunansa za su ragu, domin duk alƙaluman cin maki sun nuna haka. Ba su ragu ba. Hurley ya canza inda yake tsayar da shi, ya matso da shi kusa da kwando inda zai yanka ya karɓa ko ya miƙa, ya bar shi a fili saboda tsaronsa da idonsa na raba ƙwallo. A ganina wannan shi ne hukuncin da ya ceci kakar. Koci yana da mutanen da ya yarda da su, kuma yarda ba ta fitowa a jadawalin maki. Inda ake ganinta shi ne minti biyar na ƙarshen wasan da ya yi kunnen doki: duk wanda ke fili a lokacin, shi ne na gaban goshi, ko shi ya fara wasan ko ba shi ba. Villanova ta nuna haka a 2018, lokacin da Donte DiVincenzo ya taso daga benci ya ci maki 31 a wasan ƙarshe da Michigan.

Wannan aiki ya ƙara wuya a shekarun nan. Tun 2018 aka buɗe rajistar masu neman sauya makaranta, a 2021 kuma aka ba ɗan wasa damar sauyawa sau ɗaya ba tare da ya zauna shekara guda ba. Yanzu ƙungiya tana iya wayar gari rabin mutanenta baƙi ne, kuma minti 33 a ƙaramar ƙungiya ba minti 33 ba ne a babba. Newton ya riƙe matsayinsa ya zama mai raba ƙwallo na farko, sauran ukun kuwa daga benci suka ƙare kakar, kowa da aikinsa ƙarami amma sananne.

UConn ta shiga gasar ƙasa ta ƙungiyoyi 68, ta ci wasanni shida, kowanne da tazarar maki 10 ko fiye. Huɗu na ƙarshe sun faɗo cikin Ramadan, Sanogo yana azumi. Ranar 3 ga Afrilu 2023 a Houston suka doke San Diego State 76 da 59, Sanogo ya ci maki 17, aka ba shi kyautar gwarzon zagayen ƙarshe. Na kalli wasan bayan na sha ruwa, ina tunanin mintuna 13 ɗin nan na Clingan da na so in ƙwace in ƙara masa, da yadda suka bar masa sauran ƙarfi har ƙarshen kaka.

Da malama ta buɗe takardunmu, na sami huɗu cikin biyar ɗin farko daidai, amma a mintuna na kauce sosai, mafi yawa a kan Karaban da Johnson. Ta tambaye ni ko zan sake yin aikin a kaka mai zuwa ba don maki ba. Na yi. Sanogo, Hawkins da Jackson duk sun tafi. A gurbin tsakiya na rubuta wa Clingan 24, na bar wa Samson Johnson 16, sannan na buɗe shafi na biyu na rubuta yadda 40 ɗin za ta kasu idan ɗayansu ya ji ciwo. A Disamba 2023 Clingan ya ji rauni a ƙafa, Johnson ya koma cikin biyar ɗin farko na wasu makonni, matsayin da ya rasa shekara guda kafin nan. A Afrilu 2024 su biyun suka raba tsaron Zach Edey na Purdue a wasan ƙarshe, UConn ta sake ɗaukar kofin da ci 75 da 60.