Mai mata biyu da ruwan baftisma: abin da na gani a ƙasar Zuru

Duk faston da aka tura ƙauye a ƙasar Zuru, ko ba daɗe ko ba jima sai maganar mai mata biyu ta iso ƙofarsa. Ni ta same ni ne ina sabon zuwa wata ƙaramar ikkilisiya ta wajen Ribah, a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu. Yawancin masu bi a wurin Dakarkari ne, amma da Hausa muke sujada, da Hausa muke waƙa, Littafi Mai Tsarki na Hausa muke karantawa, kamar yadda aka saba a majami'un yankin da suka tsiro bayan shigowar 'yan mishan Zuru a shekarun 1920.

Dattijon da maganar ta shafa manomi ne, ya haura sittin. Uwargidansa da golmo ya aure ta, wato ya yi wa surukinsa noma shekara da shekaru tare da samarin tsaransa kafin a ba shi ita. Ta biyun ta zo daga baya, ita ma da sanin iyayenta da shaidar gari. Duk wannan ya faru tun kafin ya taɓa zama ya ji bishara. Ta hannun babban ɗansa ya ba da gaskiya. Ya shiga ajin masu neman baftisma, yana zama kan benci ɗaya da yaran da ya yi jika da su, ya haddace Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji da ka, tun da ba ya karatu. Layun da ke rataye a ƙofar rumbunsa da kansa ya kwance ya kawo mini.

Da Kirsimeti ya gabato aka rubuta sunayen waɗanda za a kai rafi a yi musu baftisma, dattawan ikkilisiya suka tsallake nasa. Ƙa'idar ɗarikarmu a fili take: mai mata biyu ba a yi masa baftisma sai ya sallami ta biyu. Ya zo gidana da almuru, ya cire takalmi ya zauna a kan tabarma ya ce, "Malam, na ji an ce sai na rage ɗaya. To wace ce ta yi mini laifi? Ka faɗa mini, in je in gaya mata."

Ban ba shi amsa a daren ba. Na ce ya bar ni in ji ta bakin ita wadda ake maganar a sallama, domin na lura an yi zama a kanta a majalisar dattawa, an yi ta ja-in-ja, amma ba wanda ya taɓa tambayarta ko kalma ɗaya. Muka tafi da matata, don fasto ba ya shiga wurin matar wani shi kaɗai. Muka tarar tana sussukar dawa a tsakar gida, kishiyarta na gefe tana sheƙewa. Ta jingine taɓarya, ta durƙusa ta gaishe mu. Da na buɗe maganar ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Baba Fasto, ni dai ban san sata na yi ba. Ubana ne ya ba da ni da rana tsaka. Yanzu ya rasu, gidanmu yana hannun 'ya'yan baffana. In na tashi, ina za ni? Yara kuma ai na ubansu ne, ba za a bar ni in tafi da su ba." Uwargida, wadda na zaci za ta yi shiru ko ma ta ji daɗi a ranta, ita ce ta katse ta: "Ba inda za ta je. Wa ya yi jinyata da ƙafa ta kwantar da ni damina guda?"

Ba wai duk gidan kishiyoyi haka yake ba. Na shiga gidajen da tukunyar wata ba ta taɓa ta wata, na raba faɗan 'yan uba a kan gona har a bakin kabari. Shi ya sa in na hau bagade ba na ɓoye koyarwar Farawa 2:24 da Matiyu 19, cewa nufin Allah tun farko namiji ɗaya ne da mace ɗaya. Labarin Yakubu ma ba na sha wahalar bayyana shi a nan. Da ka karanta cewa ya yi wa Laban bautar shekara bakwai saboda Rahila, sai ka ga tsofaffi suna gyaɗa kai, golmo ne suka gane. Sun kuma san abin da ya biyo baya a gidan, kishin matansa biyu, Lai'atu da Rahila, da 'yan uban da suka sayar da Yusufu. Sai dai a Farawa 29:31 an ce Ubangiji ya ga ba a ƙaunar Lai'atu, ya buɗe mahaifarta. Matar da aka mayar saniyar ware a gidan, ita Allah ya duba.

Abin da na nema na rasa a Sabon Alkawari shi ne ayar da ta ce wanda ya zo wurin Almasihu da mata biyu ya kori ɗaya kafin a yi masa baftisma. Bulus a 1 Timoti 3:2 ya sa sharaɗin mijin mace ɗaya ne a kan mai kula da ikkilisiya, a aya ta 12 kuma a kan dikinoni. Masana sun sha bamban a kan ainihin abin da yake nufi, amma kowa ya yarda maganar shugabanci ake yi a wurin. A wasiƙar nan dai, 5:8, ya ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar ba da gaskiya muni. Yaya za mu sa mutum ya shiga bangaskiya ta hanyar yasar da uwar 'ya'yansa?

Ba mu muka fara wannan gardama ba. Bishop Colenso na Natal, a Afirka ta Kudu, tun shekarun 1850 yake cewa tilasta wa sabon tuba ya saki matansa zalunci ne. Taron bishop-bishop na Angalika a Lambeth a 1888 bai bi ra'ayinsa ba. Ya ce a bar mai mata da yawa a matsayin mai koyo, ba baftisma, ko da yake ya bar ƙofa a buɗe ga matan a wasu halaye. 'Yan ɗarikar Lutharan na ƙasar Laberiya sun sassauta a 1951. Sai a 1988, shekara ɗari cif, Lambeth ya sake duba maganar, ya yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma da matansa da 'ya'yansa masu bi, muddin ya yi alkawarin ba zai ƙara aure ba, jama'ar ikkilisiyar wurin sun amince, kuma kada a tilasta masa ya kori ko ɗaya saboda halin da za su faɗa. Mu ba Angalika ba ne, hukuncinsu bai ɗaure mu ba, amma na kai wa dattawa wannan tarihi don su san masu tsoron Allah sun daɗe suna kai da kawo a kansa.

Su ma dattawan ba da wasa suka zo ba. Ɗaya ya ce in aka buɗe wannan ƙofa, gobe wanda aka ɗaura wa aure a majami'a zai ƙaro amarya ya ce ai an yi wa wane. Wani ya ce maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda addininsu ya halatta musu har huɗu, da mace ɗaya suke gane Kirista, in muka saki wannan me ya rage? Na farkon na amsa masa cewa wanda ya zo da mata biyu daga duhu daban, wanda ya yi alkawari a gaban ikkilisiya ya karya daban, na biyun horo ne ya dace da shi. Amma da mafi tsufansu ya yi magana, bakina ya mutu. Ya ce, "Ɗana, ni na sallami tawa kafin a haife ka, don a yi mini baftisma. Ta koma garinsu, ta yi wani auren, ta mutu ban sake sa ta a ido ba. Yau kana so ka ce mini a banza na yi?" Na ce masa, "Baba, abin da aka koya maka ka bi da zuciya ɗaya, Allah kuwa ya gani." Daga ranar na san cewa mai neman gyara ƙa'idar ikkilisiya ba da takarda kaɗai yake magana ba, akwai mutanen da suka riga suka biya kuɗinta da rayuwarsu, suna nan zaune a gabanka.

Ikon canza ƙa'ida ba ya hannun faston ƙauye, ban kuwa yi baftismar ɓoye ba. Wasiƙa muka rubuta zuwa shugabannin ɗarikarmu na gunduma, dattawa suka sa hannu, har da tsohon nan. Amsa ta zo rabi da rabi. An yarda a yi wa matan biyu baftisma, tun da kowacce miji ɗaya gare ta kuma ta yi aure kafin ta ji bishara. Shi maigidan an ce ya dakata. Abin da muka tsayar a namu wurin shi ne, ba wanda zai ƙara ce masa ya kori kowa, ba kuma za a kira ta biyun da sunan da wasu suka fara laƙa mata ba. Zumuntar mata ta karɓe ta, ta ɗinka anko, yanzu ita ce ke buga tulu in suna waƙa. Shi kuwa ba ya fashin sujada, yana kawo zakkar dawarsa bayan girbi, amma ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu baftisma ke rabawa don tunawa da Almasihu. Ni dai a ganina an rage masa haƙƙi, kuma duk taron fastoci da aka ba ni dama sai na faɗa.

Tun daga wannan, ba na yarda a yanke magana a kan auren kowa sai matan da abin ya shafa sun zo sun yi magana da bakinsu, shugabar zumuntar mata na zaune. Ina kuma yi wa mai mata biyu bayanin ƙa'ida tun ranar da ya shiga aji, kada ya yi shekara yana koyo sai a bakin rafi ya ji.

Yanzu maganar ta dawo da wata fuska. Hare-haren 'yan bindiga a Danko-Wasagu da Sakaba sun bar gwauraye mata da yawa, wasunsu ba su kai talatin ba, da marayu a hannu. Dangin miji sukan ce ƙanen mamaci ya ɗauke ta don kada yara su watse, ƙanen kuwa sau da yawa mai baftisma ne da matarsa ta aure. A nan muna cewa a'a. Amma a'a kaɗai ba ta cika rumbu, don haka muka tsara matasan ikkilisiya su riƙa yi wa kowace gwauruwa gayya a gonar mijinta, daga huɗa har girbi, inda gonar ke shiguwa. Ni da dattawa kuma mukan je wurin dangin mu nemi a bar ta a ɗakinta da 'ya'yanta ba tare da an ɗaura mata kowa ba. Wasu dangin suna yarda. Wasu sukan ce in ikkilisiya ta hana su al'adarsu, to ta ɗauki kuɗin makarantar yaran, baikonmu na Lahadi kuwa bai kai nan ba tukuna.