Ranar da laka ta shigo Minecraft

Kawuna magini ne, kuma tun ina yaro nake kallonsa yana kwaɓa ƙasa da ciyawa, yana dunƙula tubali yana shanyawa a bayan garinmu da ke ƙasar Ringim. Ban gaji sana'ar ba, koyarwa nake yi a makarantar firamare, amma ga shi yau ina gini a cikin Minecraft, wasan gini na waya da kwamfuta da kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin ya ƙirƙira, wanda Microsoft ya saya a 2014 a kan dala biliyan 2.5. Ƙanena da ke karatu a Kano ne ya buɗe mana fili a intanet, shi yana shiga daga can, ni da ɗan yayarmu muna shiga daga nan ta waya, muka ƙudurta mu gina unguwarmu kamar yadda take kafin bulo da kwanon rufi su mamaye ta.

Abin da ya fara ba mu wahala shi ne rashin kayan aiki. Akwai dutse da katako da jan bulo irin na gidajen Turawa, amma babu tubali. Sai muka ari gasasshen yumɓu mai ruwan ƙasa muka tayar da zaure, bangon ya fito sumul kamar na asibiti. Da na nuna wa Kawu, ya daɗe yana duban wayar, sannan ya ce, "Malam, siffar ta yi, amma ina ƙasar?"

A watan Yunin 2022 aka fitar da sabuntawa mai lamba 1.19, a cikinta kuwa har da laka. Idan mutum ya zuba kwalbar ruwa a kan ƙasa sai ta zama laka, idan ya haɗa lakar da alkama sai ta daskare ta yi kwaɓi, idan kuma ya jera kwaɓin guda huɗu sai ya sami tubalin gini. Na yi dariya ni kaɗai da na ga wannan tsari, domin abin da Kawu yake yi ke nan da ƙafarsa a ramin kwaɓa, sai dai shi ciyawa yake sawa don ta riƙe ƙasa kada ta tsattsage, ba zai taɓa ɓarnar alkama ba. Mun rushe zauren gaba ɗaya muka sake shi, muka ƙara soro da rumbuna biyu, muka shimfiɗa baƙin katako a madadin azara, tunda giginya ba ta cikin itatuwan wasan.

To, amma sabuntawa ba kyauta take zuwa ba ga wanda ke ƙauye. A ƙa'idar wasan, wanda wayarsa ke ɗauke da tsohon zubi ba zai iya shiga filin da aka sabunta ba, saboda haka duk ranar da ƙanena ya sabunta nasa a Kano, mu a nan ƙofa ta rufe mana ke nan sai mun sauke namu. Saukewar kuwa tana cin data, tana kuma buƙatar sabis mai ƙarfi, shi ya sa nake barin ta sai ranar kasuwa, in kai wayar wurin mai caji, in zauna a inda sabis ya fi kamawa. Na kuma koyi ajiye kwafin filin kafin in taɓa komai, domin ginin da aka buɗe da sabon zubi ba ya komawa tsoho lafiya.

Wannan tsoro yana da tushe, domin mai gini a irin waɗannan duniyoyi a filin aro yake aiki, kuma mai fili yana iya sauya ƙasar da ke ƙarƙashinsa. A ƙarshen 2021 sabuntawa ta 1.18 ta ƙara wa duniyar Minecraft zurfin tubali 64 a ƙasa da wani 64 a sama, har tsofaffin filaye suka wayi gari da sababbin koguna a ƙarƙashinsu. A Roblox kuma, wani dandalin intanet da mutane ke gina nasu wasannin a ciki, a watan Maris na 2022, an mayar da duk sautin da ya wuce daƙiƙa shida na mai shi kaɗai, sai wasanni da yawa da mutane suka gina da sautin aro suka yi tsit.

Raƙumi ya shigo Minecraft a 2023, mun kuma ɗaure guda a ƙofar zaure. Abin da ya gagare mu har yau shi ne bakan gizo da zanko, domin komai na wasan mai kusurwa huɗu ne, duk yadda muka jera matakala da rabin tubali lanƙwasar ba ta fita. Kawu ya fi damuwa da wani abu dabam. Ya ga ruwan sama yana zuba a kan soronmu babu indararo, ya tambaye ni wa ke yi mana yaɓe kafin damina. Na ce masa bangon nan ba ya zaizayewa. Ya miƙo mini wayar, ya ce duk da haka a sa indararon, kuma mun sa.