Wai dole ne kowane ɗan sanda ya rataya AK-47?

Duk sanda aka ce a Ingila yawancin 'yan sanda ba sa ɗaukar bindiga sai ka ji mutanenmu sun fashe da dariya, wani ya ce to a kawo su Zurmi ko Birnin Gwari su yi sati guda mu gani. Kuma wallahi mai faɗin haka yana da gaskiyarsa, ni ma ba zan ce a tura ɗan wani dajin Rugu da kulki a hannu ba, wannan ai aika shi lahira ne. Abin da ke damuna shi ne da an yi wannan dariyar shi ke nan an rufe zancen, ba wanda zai tsaya ya tambaya shin kurtun da ke raba gosulo a Kofar Nassarawa, ko wanda aka kira ya raba rigimar mai haya da mai gida, me yake yi da bindigar yaƙi a kafaɗa?

Su can Ingilan ba wai ba su da bindigogi ba ne fa. Tun 1829 da Robert Peel ya kafa 'yan sandan Landan aka tsara cewa ɗan sandan unguwa da sanda zai fita ba da bindiga ba, don kar jama'a su riƙa kallonsa kamar sojan da aka turo musu. Har yau a Ingila da Wales masu izinin riƙe bindiga ba su wuce kusan biyar cikin ɗari ba, runduna ce ta daban, sai ka nema da kanka, a tantance ka, a horar da kai, kuma a riƙa sake gwada ka kana faɗuwa a karɓe izinin. Masu bindigar nan suna fita aiki sau dubbai a shekara amma lokutan da ake harba harsashi a kan mutum ba sa kai 20, wata shekarar ma ka ƙirga da yatsun hannu ɗaya. Ba su tsira daga asara ba, a 2012 a Manchester wani riƙaƙƙen mai laifi ya yaudari 'yan sanda mata biyu, Fiona Bone da Nicola Hughes, da kiran ƙarya ya kashe su ba su da ko ƙaramar bindiga, a 2017 kuma aka daɓa wa ɗan sanda Keith Palmer wuƙa a ƙofar majalisarsu. Duk da haka ba su sauya tsarin ba. Sai dai a tuna bindiga ba ta yawo a hannun jama'arsu, tun bayan kisan yara a makarantar Dunblane a 1996 suka haramta ƙananan bindigogi kusan gaba ɗaya, kuma a Arewacin Ailan inda aka sha rikici, ƙasa ɗaya ce fa, kowane ɗan sanda da bindigarsa yake fita. Kenan su ma wuri suke dubawa.

To mu fa? Mu ba ma duba wuri. Mai tsaron ƙofar banki AK, na kan shinge AK, wanda ke bin Hajiya kasuwa yana riƙe mata jaka AK, wanda aka aika ya kamo yaron da ya saci waya shi ma AK. Ita kuwa wannan bindiga ba don cikin gari aka ƙera ta ba, ta filin daga ce, gidan harsashinta 30 yake ci, harsashin yana huda ƙofar mota ya wuce ya samu wanda ke bayanta, yana tafiyar ɗaruruwan mita da ƙarfin kisa. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, in ka sauke makullinta daga sama, matakin farko da za ka tarar shi ne na ɓarin wuta, sai ka ƙara dannawa ƙasa ka zo na ɗai-ɗai. Yanzu ka ɗauki mutumin da ya wuni a rana tun asuba, bai ci abin kirki ba, albashi ya ƙare tun tsakiyar wata, direba ya faɗa masa baƙar magana kan naira ɗari, yatsansa kuma yana kan kunama. Gobe sai ka ji sanarwa wai kuskure ne bindiga ce ta tashi. Bindiga dai ba ta tashi da kanta, jama'a.

Kuma ba labarin ƙanzon kurege nake yi ba. A watan Yunin 2005 aka kashe matasa shida a Abuja, 'yan kasuwar Apo da wata budurwa da ke tare da su, aka ce wai 'yan fashi ne, sai 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa, shekara 12 iyaye suna jira. Kolade Johnson kallon ƙwallo ya je a Legas a 2019 harsashi ya same shi. Bolanle Raheem, lauya ce, da juna biyu, ranar Kirsimeti ta 2022 tana cikin mota da iyalinta a Ajah wani jami'i ya harbe ta, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2023. Waɗannan su ne waɗanda jaridu suka ɗauka saboda a Legas da Abuja abin ya faru, mu nan Arewa sau nawa ake harbe ɗan adaidaita ko yaron mota a yi jana'iza bayan la'asar, manya su zo ta'aziyya a ce a bar wa Allah, magana ta mutu? Su kansu shugabannin 'yan sandan sun san da matsalar, a 2019 Sufeto Janar Mohammed Adamu ya ba da umarnin a rage tsawon aiki daga awa 12 zuwa 8 saboda gajiya na cikin abin da ke jawo harbin banza, a shekarar kuma aka sake rubuta Force Order 237, dokar da ke faɗin yaushe ɗan sanda zai yi harbi, don tsohuwar ta ba da ƙofa a harbi mutum saboda kawai yana gudu. An gyara takarda, shekara na zagayowa zanga-zangar EndSARS kan zaluncin 'yan sanda ta ɓarke.

Na san abin da za a ce min, ɗan sanda ma ɗan wani ne. Haka ne. Duk wanda yake Kano ranar 20 ga Janairun 2012 ba zai manta ba, ofisoshin 'yan sanda aka nufa kai tsaye, sama da mutum 180 suka rasu, kuma har yau a Zamfara da Katsina da Neja ana yi musu kwanton ɓauna a kashe su a bar marayu a bariki ana korarsu daga ɗaki. Shi ya sa ban ce a kwance ɗamarar kowa ba. Mopol da masu yaƙi da 'yan bindiga da caji ofis na ƙauyukan bakin daji, waɗannan a ƙara musu ma, da sulke da motoci masu kyau da harsashi isasshe. Amma ka duba da kyau, kurtu biyu a kan shinge da tsohuwar AK an ɗaure gindinta da salatif, wannan bindigar kare su take ko jawo musu maharan take? Sau da yawa ita ake zuwa ƙwacewa. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na 2019 ya ce zuwa ƙarshen 2018 akwai makaman 'yan sanda sama da 178,000 da ba a san inda suke ba, a ciki AK-47 sama da 88,000. Ko da rabin wannan lissafin ne gaskiya, to ina suka tafi, kuma wa ake harbi da su yanzu?

Kakanninmu kuma sun zauna da 'yan doka na En'e, kulki ne a hannunsu da bulala, kuma ba cewa nake waliyyai ba ne, sun yi nasu zaluncin musamman a kan 'yan NEPU, tsofaffi suna ba da labari. Amma wanda aka zalunta da kulki yana tashi ya kai ƙara ko ya yi Allah ya isa da bakinsa.

Ni abin da nake gani, a raba aikin. Na kan titi da na kasuwa da mai karɓar ƙara a kanta da wanda ake kira rigimar ma'aurata, a ba shi kulki da ankwa da barkonon tsohuwa da oba-oba mai aiki, sannan a tabbatar in ya kira masu bindiga za su iso cikin mintoci, wanda wannan shi ne babban aikin, don a yanzu sai ka kira a ce maka babu mai a mota. In ma dole sai ya riƙe wani abu a cikin gari to ƙaramar bindiga a kube, bayan an gwada hankalinsa da jininsa, ba doguwa yana nuna ta cikin tagar motar mutane yana cewa yaya ne oga ba. Kuma harsashi a ƙirga, an ba ka 30 da safe ka dawo da 28 da yamma, zauna ka rubuta inda biyu suka tafi, wani wanda ba abokin aikinka ba ya bincika. Su kuma masu gadin manya, kowane sabon Sufeto Janar sai ya ce a janye su, bayan wata biyu ka gan su sun koma gaban motar Alhaji, da waɗannan kaɗai aka tara aka kai inda ake kashe mutane da an rage wani abu.

Abin haushin ma a ƙasar nan kowa bindigar yake nema. Sibil Difens sun samu tun gyaran dokarsu na 2007, Kwastam da Imigireshin da NDLEA duk suna da su, 'yan Road Safety ma sun daɗe suna kai kawo a majalisa a ba su. Mutumin da aikinsa duba lasin da taya da bel, a ce shi ma ya tsaya a hanyar Zariya da bindiga yana tsayar da direban da ya kwana yana tuƙi daga Legas, ni dai ina roƙon 'yan majalisa, don girman Allah wannan kam kar ku sa hannu.