Laraba: Kwana Uku Bayan Zuba Maganin

Da sanyin safiya na shiga ɗakin bincike, na ciro kwalaben nan biyu na fararen ƙwayoyin jinin saniya masu ɗauke da ƙwayar cutar Theileria parva. Kwalba ta farko ban taɓa ta da komai ba, ta biyu kuwa kwana uku ke nan da na zuba mata maganin buparvaquone. Da na leƙa ta farko a madubin ƙara girma, sai na tarar ƙwayoyin sun yi dunƙule-dunƙule, suna sheƙi, sun hayayyafa har ruwan renonsu ya koma rawaya. A ta biyu da yawansu sun motse, sun farfashe, sai ɓurɓushi ke yawo.

Na daɗe zaune ina kallon kwalba ta biyun, domin a cikinta ne amsar tambayata take: me ke faruwa da ƙwayar jinin idan aka kashe ƙwayar cutar da ke cikinta? Maganin ƙwayar cutar yake kashewa, amma da zarar ta mutu sai ƙwayar jinin da ta ba ta masauki ta bi bayanta. Ashe baƙuwar ce take riƙe da ran mai gidan. A al'ada, ƙwayar halitta idan ta ji wani abu ya shige ta ko ta lalace, takan kashe kanta cikin tsari domin sauran jiki ya tsira, abin da masana ke kira afoftosis. Wannan ƙofar ce Theileria take toshewa.

Da hantsi na shafa samfuri a gilashi, na rina shi da Giemsa, rinin da ke fito da ƙwayoyi a madubi. Na farko ya yi duhu saboda na bar shi ya jiƙa fiye da kima, sai da na sake. A na biyu na ga ƙwayar cutar sarai, ɗigo-ɗigo masu launin shunayya a gefen cibiyar ƙwayar jinin, tana zaune tsirara ba tare da wata jaka ta lulluɓe ta ba, saɓanin yadda wata ƙwayar cuta mai suna Toxoplasma take yi. Wannan zama ne ya ba ta damar kai hannu ga kayan aikin mai gida. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2002 ya nuna tana tara sinadaran furotin da ake kira IKK a bayan fatarta, su kuma su bar wani furotin na mai gida da ake kira NF-kB a kunne dare da rana, shi kuwa aikinsa shi ne tayar da ƙwayoyin gado masu hana mutuwa. A 2015 mujallar Nature ta kawo bayanin wani furotin mai suna TaPIN1 da Theileria annulata, 'yar uwar Theileria parva, take fitarwa, wanda ke hana a rushe c-Jun, furotin da ke ingiza ƙwayar jinin ta hayayyafa, sai rarrabuwarta ta ƙi tsayawa. Abin da ya fi burge ni dai shi ne yadda ƙwayar cutar take maƙalewa a zaren da ke raba ƙwayar jinin gida biyu, ta yadda kowace 'ya za ta tafi da rabonta na cutar.

Malamina ya leƙo bayan azahar, ya duba gilashin, ya ce, "Kin ga dalilin da ya sa ake kwatanta ta da cutar daji? Bambancin kawai, wannan tana komawa baya idan aka kashe ƙwayar cutar." Na ce, "Haka ne, Malam, amma saniyar ba ta da lokacin jira." Kaska mai ruwan ƙasa da ke maƙale a kunne ita ce ke ɗauko cutar Theileria parva a gabashi, tsakiya da kudancin Afirka, kaluluwa ta kumbura, huhu ya cika da ruwa, kumfa ta riƙa fita ta hanci, cikin mako uku zuwa huɗu dabbar ta faɗi.

Kafin in tashi na raba kwalba ta farko gida uku, na ƙara musu sabon ruwa. Ta biyun na bar ta zuwa gobe, ina so in ƙirga nawa suka rage.