Dara: abin da sabon shiga zai sani kafin ya zauna

Yaran yanzu da ka ce dara sai su ɗauka ludo kake nufi ko wata gem ta waya, alhali tana nan da ranta a wasu majalisun cikin Katsina, bayan la'asar za ka ga dattawa a gindin dalbejiya sun duƙufa kamar masu lissafin gado.

Ko sisi ba ta ci. Gurbi 30 ake tonawa a ƙasa, layi 5 kowanne gida 6. Mutum biyu ke yi, kowa da 'ya'ya 12, wannan ya karya tsinken kara, wancan ya tsinci tsakuwa ko ƙwallon dabino don kar su cakuɗe.

Da zubi ake farawa, ka sa ɗaya ya sa ɗaya har 24 ɗin su ƙare, gida 6 kenan ya rage ba kowa. A nan ba a yarda ka jera uku ba. Kuma wallahi a nan ake cin wasan, sabon shiga sai ya riƙa watsa nasa duk inda hannu ya kai wai sai an fara tafiya zai yi tunani, shi kuwa tsohon hannu tun a zubin yake ajiye bibbiyu kusa da gurbin da ba kowa yana toshe maka naka, kafin ka farga an ɗaure ka tamau. Sai ka ji an ce “yaro, matsa mana”, kai kuwa “to Baba” kawai, ba wurin matsawar.

Bayan zubi sai tafiya, gida ɗaya ce, gaba ko baya, dama ko hagu, ba tsallake ba ratse. Ka jera uku a miƙe, ka cire ma abokin wasanka ɗa ɗaya. Huɗu ba ci ba ne fa. Wanda nasa suka koma biyu an cinye shi.

Abin tsoro shi ne doki, wato ɗa ɗaya ya samu wurin da in ya matsa nan ya cika uku, in ya dawo ya cika wasu ukun, kowane taku ci. In ka ga ana haɗa maka shi bar duk abin da kake ka cusa naka a gurbin, ko ka cire ɗan da ke kai da kawowar in ka samu ci.

Sai dai ku yi magana tun farko ko ana cire ɗa daga cikin ukun da aka riga aka jera, wasu majalisun sun hana, kuma yawancin musun dara daga nan yake tashi.